Abin da Ke Cikin Tukunyar Irimiya Shekwolo

Azumi ce ta kawo mini maganar, ranar da ta zo yi mini kitso a gidana da ke Tunga. Ita dama hannunta ba ya tafiya sai bakinta na tafiya.

"Malama, kin san Baba Irimiya na Tudun Fulani, wanda ke aiki a lab, ɗakin gwaje-gwajen nan? Ashe tsafi yake yi."

"Wa ya gani?"

"Ai kowa ya sani."

"Ban ce wa ya sani ba. Wa ya gani?"

Ta ɗan ja mini gashi don in san ta ji haushi, sannan ta jero mini. Wai yana da wata tukunyar ƙasa a ɗakinsa, in ya rufe ta ba mai buɗewa sai bayan kwana uku, ko da matarsa ce. Wai a cikinta yake saka kayan aikin makaranta. Wai in ya fito da su sai ya yi musu tofi kafin su yi aiki. Babbar hujja kuma, in ji ta, masu digiri sun bi abin da ke rubuce a takarda layi-layi abin ya ƙi, shi kuwa da bai wuce sakandare ba, da ya taɓa sai ya yi. Har dattawan cocinsu sun dakatar da shi daga karatun Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi, karatun da ya shekara ashirin da biyu yana yi.

Wannan na ƙarshen ne ya tsaya mini a rai. Ni Musulma ce, ban san dokokin cocinsu ba, amma na san abin da ake nufi in an ce wa dattijo ya koma ya zauna a gaban jikokinsa. Ga shi kuma zai ajiye aiki ƙarshen watan Yulin bana, 1996, bayan shekara talatin da biyar, kuma da wannan sunan zai koma gida. Na shekara talatin ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Duk lokacin da aka ce mini kowa ya san abu, in na bincika sai in tarar ba wanda ya leƙa. Na ce bari in je in leƙa.

Malam Irimiya Shekwolo yana fita daga gida shida da rabi na safe, a kan keken da ya girmi babban ɗansa. Shi ke buɗe ɗakin gwaje-gwaje a babbar makarantar da yake aiki, wadda ba sai na faɗi sunanta ba. Kafin ya cire hula yakan duba ma'aunin zafi guda biyu da ke rataye a bango, ɗaya busasshe, ɗaya an naɗe masa kai da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya rubuta abin da suka nuna a littafi. Na ga littattafan, goma sha ɗaya, ba ranar aikin da aka tsallake. Bayan haka ya wanke kwalabe da hannunsa, ko da an riga an wanke. Da wankin kwalabe ya fara aiki a 1961, kuma har yau bai yarda akwai wanda ya kai shi ɗauraya ba. Wannan kaɗai ne girman kan da na same shi da shi.

Aikin da ake tsegumi a kansa ga yadda yake. Akwai wani zaren gilashi, siriri kamar gashin wutsiyar doki, wanda in ka haska fitila a wannan bakin, hasken zai bi cikinsa ya fita ta wancan bakin, ko da ka lanƙwasa shi. Malam Irimiya yakan kankare ɓawon zaren a tsakiya, tsawon gaɓar yatsa biyu, ya tsoma wurin a wani ruwa mai kauri. Masana na kiran irin wannan abu folima. Nasu dai jelatin ne, wani irin ƙaro da ake samu daga ƙashi da fata, an gauraya shi da gishirin kobal, wanda shuɗi ne in yana bushe, ya koma ruwan hoda in ya sha laima. In ruwan ya bushe a jikin zaren sai ya zama shafe ɗan siriri. Laimar iska ta ƙaru, launinsa ya sauya, hasken da ke isa ɗaya bakin ya sauya, allurar mita ta motsa. Shi ba ya cewa shafe. Cewa yake yana sa wa zare riga.

Na tambaye shi amfanin wannan wahala, tunda ga ma'auni biyu a bango suna faɗin laima tun zamanin Turawa.

"Malama, ki iya tura na bangon cikin tsakiyar buhu ɗari uku?"

Ya tura ni Maikunkele wajen Ndakotsu, mai kula da siton ƙungiyar manoma, inda suke ajiye irin shinkafar da za su shuka. Ndakotsu ya nuna mini zarurrukan da aka soka cikin jibgin buhuna, sun biyo bango zuwa wani ƙaramin akwati mai batir. Ya ce a 1991, ruwan farko bai daɗe da sauka ba, Malam Irimiya ya zo duba mita, da ya duba ya ce a sauke buhunan duka.

"Na ce masa Baba, taɓa ka ji, ƙamas suke. Manoma suka ce na'urarsa ce ta yi hauka. Bai yi musu da kowa ba, ya tuɓe riga ya fara ɗauka shi kaɗai. Kunya ta sa muka kama masa. Da muka kai ƙasa, Hajiya, daɓen ne ke tsatso ruwa. Buhu tara sun riga sun yi zafi, iri ya fara tsira a ciki. Da mun ƙara sati biyu, ƙauye huɗu ba su da abin shuka."

"Kun gode masa?"

Ndakotsu ya sosa ƙeya. "Mun ba shi kaza. Ya ce a ba masu dako."

Na koma Tudun Fulani ranar da na san ba ya gida, don na fi son jin ta bakin matarsa, Phoebe. Mace ce mai dariya da dukan jiki, amma ranar ba ta yi ba. Ta ce a watan Afrilu dattawa uku suka zo da yamma, ranar Talata, suka ce a buɗe tukunya su gani, magana ta ƙare. Ranar Litinin ya rufe ta.

"Na ja shi gefe na ce Baban Rose, buɗe mana. Minti ɗaya ne. Ya ce in ya buɗe yau, zare goma sha biyun da ke ciki sun lalace, na Maikunkele ne, ba shi da wasu, kuma hadari ya fara haɗuwa. Ya ce su dawo Alhamis. Suka ce kafin Alhamis ai ya kwashe abin da ke ciki. Ya ce gishiri ne da ruwa. Ɗayansu ya yi dariya ya ce in gishiri ne, me ya hana a gani?"

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Mama. Ya raka su har bakin titi. Ranar Lahadi ya sa farar rigarsa ya je ya zauna a bencin baya. Kowace Lahadi haka. A gida yakan karanta wurin da za a karanta, da ƙarfi, kamar dai shi za a kira."

Ta goge ido da bakin zane, ta ce in ci gyaɗa.

Malam Irimiya, a nan zan juyo gare ka. Kai ne aka ajiye wa sunanka a hannun dama, irin shukar mutanen da ba danginka ba a hannun hagu, aka ce ka ɗaga murfi ka ɗauki naka. Ba wanda zai taɓa sani da ka ɗaga. Ndakotsu zai ce bana zaren bai yi ba, shi ke nan. Ka bar murfin a rufe.

Saura in san dalilin da ya sa masu digiri suka kasa. Na je wajen Dakta Gimba, malamin da ya kawo aikin zaren makarantar, wanda sunansa ke kan takardar da aka buga a ƙasar waje. Na karanta takardar kafin in je. Ta ce a busar da zaren kwana uku a cikin na'urar daidaita laima. Na ce ya nuna mini na'urar. Ya kai ni wani lungu, ga ta nan an ɗora mata tsofaffin fayil-fayil. Ta ƙone tun 1989, ranar da aka kawo wuta da ƙarfi, kuma ba a sami kayan gyaranta ba.

"To a ina aka busar da zaren da ke cikin takardar nan, Dakta? An buga ta 1992."

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ba mugun mutum ba ne, na faɗa tun yanzu. Ya ce, "Hajiya, da na rubuta tukunyar ƙasa, wa zai buga mini? Dariya za su yi mana." Ya ce shi ne ma ya roƙi Malam Irimiya ya fitar da tukunyar daga lab, don baƙi na zuwa duba kayan aiki, kada su ɗauka nan kasuwar tukwane ce. Haka tukunya ta koma ɗakin kwana a Tudun Fulani. Ɗalibai kuma da suka zo daga baya suka karanta takarda, suka ga ba na'ura, suka shanya zarensu a kan tebur. Da rani rigar ta bushe da sauri ta tsattsage. Da damina ta ƙi bushewa ta yi fumfuna. Wanda ya tambayi Malam Irimiya ya faɗa masa gaskiya, shi kuwa ya ɗauka ɓoye masa ake yi, don ba a shekara huɗu a jami'a a zo a ce maka amsar tana wajen mai sayar da tukwane.

Dakta bai san maganar coci ba. Da na faɗa masa, sai ya zauna.

Na tambayi Malam Irimiya inda ya samo dabarar. Ya ce rabi daga uwarsa, rabi daga wani tsohon littafi da gara ta ci bangonsa. Uwarsa maginiyar tukwane ce, ba ta taɓa shanya sabuwar tukunya a rana ba, takan kife ta da babba a inuwa ta bushe a hankali. Littafin kuma ya ce in ka zuba gishirin miya a ruwa har ya ƙi narkewa, ka rufe shi a wuri guda, iskar wurin za ta tsaya a laima kashi saba'in da biyar cikin ɗari. In iska ta bushe ruwan ya ba ta, in ta jiƙe gishirin ya tsotse. Tukunyar ƙasa mai kauri kuma, in an shafe cikinta da kaki, ba ta barin zafin rana ya yi wasa da abin da ke ciki.

"Me ya hana ka kai dattawa wajen Dakta ya yi musu bayani?"

"Sai ya faɗi abin da bai rubuta ba, Malama. Yaro ne mai ƙoƙari. Yana da iyali."

Yaron da yake nufi ya haura arba'in da biyar.

Ni dai duk wannan labari ne aka ba ni, kuma da labari aka ɓata mutumin tun farko. Na ce gwadawa za mu yi. Na je kasuwa na sayi tukunya da kaina, na shafe cikinta da kaki, na sayi gishiri wajen matar da nake saya kullum. Dakta Gimba ya kawo zare goma sha biyu daga ajiyarsa, ban ma roƙe shi ba. Na aika wa Dattijo Edward, ɗaya daga cikin ukun nan, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, cewa wata tsohuwa a Tunga na neman mai shaida. Ya zo da sandarsa da fuskar wanda ba ya son zuwa.

Sharaɗina shi ne Malam Irimiya ba zai taɓa komai ba. Ya zauna a kujera, hannu a bayansa, yana faɗa ina yi. Na kankare ɓawon, na tsoma a ruwa mai kaurin nan. Zaren farko na fizgo shi daga ruwan kamar mai cire tsinke daga miya.

"A'a, Malama. Kamar kina zare filo daga ƙarƙashin kan jariri."

"Na haifi bakwai, Malam Irimiya, kada ka koya mini jariri."

"To ki yi masa yadda kika yi wa na bakwai. Na farko ai koyo ne."

Har Dattijo Edward sai da ya murmusa, ya yi sauri ya haɗiye. Muka rataye shida a waya cikin tukunya, bisa kwanon ruwan gishiri. Shida muka shanya a kan teburina. Na shafe bakin murfi da yumɓu, na manna takarda, ni da Dattijo muka sa hannu a kai. Tukunya ta kwana uku a ƙarƙashin gadona, Malam Irimiya bai tako unguwar ba.

Ranar Alhamis da hantsi muka taru, har da Phoebe. Dattijo ya duba sa hannunsa ta sama da ta gefe, sannan ya fasa yumɓun da kansa. Ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa, kamar mai jiran wani abu ya motsa. Ya sa yatsa a kwanon ya lasa, ya yamutse fuska.

Na kan tebur, da yake ruwa ya yi ta sauka a makon, rigarsu ta yi danƙo, a jikin biyu ta zame ta taru wuri guda, ɗaya ya fara fumfuna. Na cikin tukunya shida, biyar sun fito sumul, ɗayan da ya lalace kuma na farkon nan ne da na fizga. Muka haɗa ɗaya da fitila da mita. Malam Irimiya ya ce in matso da baki in hura masa iska a hankali, kamar mai huce koko. Na hura. Allura ta tashi ta tafi, na ja baya ta dawo. Numfashin mutum cike yake da laima, kuma ba hanyar da ta fi wannan saurin nuna ko zare na da rai.

"Dattijo, gwada," in ji shi.

Dattijo ya sunkuya ya hura. Allura ta wuce inda tawa ta tsaya.

"Tofinka ya fi nawa ƙarfi," in ji Malam Irimiya.

Phoebe ta yi dariyar nan tata da dukan jiki, tana yi tana share hawaye. Dattijo Edward bai yi dariya ba. Ya jingine sandarsa, ya kama hannun Malam Irimiya da hannu biyu, ya ce, "Ɗan'uwa, mun yi maka laifi." Malam Irimiya ya ce ba komai, ya tambaye shi ciwon ƙafarsa.

Dakta Gimba ya rubuta wa dattawan wasiƙa da hannunsa. Ya kuma sa an dawo da tukunya lab, an ba ta tebur kusa da taga. Ko zai rubuta wa masu buga takardar, wannan tsakaninsa da zuciyarsa ne, na dai faɗa masa abin da nake gani. Lahadin da ta wuce aka kira Malam Irimiya ya yi karatu. Ban je ba, ba wurina ba ne. Phoebe ta ce muryarsa ta yi rawa a layin farko, daga nan ta miƙe.

Malam Irimiya, ɗan maginiya, mai sa wa haske riga. Kai ne ka shekara talatin da biyar kana buɗe ƙofar da wasu ke shiga su fito da digiri. Kai ne ɗalibai ke kira Baba in suna neman kwalba mai tsabta, su manta sunanka ranar rubuta godiya. Na duba takardar nan har ƙarshe, ba ka ciki. Shinkafar da aka ci a ƙauye huɗu a 1991 ma ba ta da sunanka a jiki, amma an ci, yara sun ƙoshi. Na gode maka a madadinsu, da madadin 'yan matan da na koyar waɗanda suka biyo ta hannunka daga baya, ɗaya ta ce kai ka koya mata riƙe kwalba ba tare da tsoro ba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar ka da Phoebe ku daɗe, ya sa keken nan ya huta shi ma.

Ku kuma matasan da za ku gaje shi a ɗakunan gwaje-gwajen ƙasar nan, na'urorinku za su lalace, wannan ba sai an faɗa muku ba. Ranar da suka lalace ku duba abin da ke tsakar gidanku, ku gwada shi, ku auna, ku rubuta shi da sunansa na gaskiya, ku rubuta sunan wanda ya nuna muku. Littattafansa goma sha ɗaya na nan a kan kanta. Maganar tukunyar tana cikin na tara, shafi na arba'in, da kwanan wata, tun Nuwamban 1989. Ku je ku karanta kafin gara ta riga ku.

Ga waɗanda har yanzu ke tambaya: a cikin tukunyar Irimiya Shekwolo akwai kwanon sha guda ɗaya, gishirin miya cokali shida, ruwa rabin kofi, da waya da aka lanƙwasa don rataye zare.